Taku Biyar na Baba Tsoho

Ranar Juma'ar da ta wuce kakana Malam Iro, wanda muke kira Baba Tsoho, ya cika shekara huɗu da rasuwa. Ina aji biyar a firamare ya rasu, yanzu ina sakandare. Ban iya magana a cikin mutane ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Gonarsa tana bakin wani rafi a gefen Maska. Kowa a fadamar har bakin ruwa yake noma, shi kuwa ya bar taku biyar tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da rafin, gamba da ciyawa suka cinye wurin. Maƙwabta suna tsokanarsa wai aljanu ya yanka wa fili. In ya gama feshi ba ya wanke injin a rafi. Sai ya ɗebi ruwa a bokiti, ya hau tudu ya wanke, ya juye a rami.

Wata rana da rani ya durƙusa a wani kwari cikin ciyawar, inda laka ta bushe ta tsattsage, ya nuna mini wata 'yar huda da ko ɗan yatsana ba zai shiga ba.

"Amarya, rage murya, akwai mai barci," in ji shi, alhali ko tari ban yi ba. "Gaiwa ce a ƙasa. Wata da watanni ba ci ba sha, ta nan take numfashi. Ruwan farko ne zai tashe ta. In ya zo da guba, kin ga ta farka cikin ajalinta."

Na daɗe ina kallon hudar. Kifi, a cikin busasshiyar ƙasa, da ransa!

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga rafin yau. Da damina ja wur yake zuwa, ya kwaso ƙasar gonaki da takin zamani. Da rani gansakuka ta rufe shi. Bayan an yi feshi nakan ga ƙananan karfasa sun juya ciki sama. Amma na lura ruwan da ya ratso ciyawarmu ya fi haske, domin jar ƙasar a gindin gamba take tsayawa.

Bana Baffa Lawal, wanda gonar ta dawo hannunsa, ya ce zai nome wurin ya ƙara tumatir. Ban ga laifinsa ba, gidansa cike yake da yara. Ranar da ya fara ni aka aika in kai masa fura. Ina tsaye ya kafta fartanya a kwarin, wani curin laka ya rabe biyu. A ciki ga gaiwa a naɗe, wutsiya ta rufe fuska, jikinta lulluɓe da wata fata kamar busasshen ganye.

"Kai, yau miya ta samu!" in ji Baffa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baffa, barci take yi. Baba Tsoho saboda ita ya bar nan."

"Au, ashe kina magana?" Ya yi dariya. "Wannan ai ta daɗe da mutuwa. Miƙo bokiti ki gani."

Ya saka curin a ruwa, muka tsuguna. Lakar ta narke a hankali. Can sai wutsiyar ta motsa, ta warware, ta ɗago kai saman ruwa ta shaƙi iska.

Baffa ya ce, "Subhanallahi." Ya sake faɗa, ya kuma faɗa. Sai ya ce tun yana yaro mahaifin nasa, Baba Tsoho, ya nuna masa irin wannan, ya manta. Da kansa ya kai ta gurbi mai zurfi ya sake ta.

Taku biyu ya riga ya nome, tumatir ne a wurin yanzu. Ukun ya bari. Ban sani ba ko za su kai baɗi, kuma taku uku ba za su wanke rafin da gonaki masu yawa ke zubarwa a ciki ba.

Da aka raba gadon Baba Tsoho, kowa ya san abin da ya samu. Nawa rabon sai bana na gane shi: ba na iya taka busasshiyar laka ban duba ƙasa ba. Shekaranjiya kuma na hango Baffa a kwarin, ya riƙe hannun ƙaramar 'yarsa, suna tafiya a hankali, kawunansu a sunkuye.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya sa kabarinsa ya yi sanyi.