Muryar Inna Tana Cikin Kwamfutar Makaranta

A gidanmu na Ƙofar Marke, da an sauke tukunyar tuwo bayan magariba, ba a kashe murhu. Inna, kakata ta wajen uba, takan jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da garwashi, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuma jikoki mu kewaye ta muna haɗiyar yawu. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya natsu.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "wanda bai buɗe kunne ba ta wuce shi."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wata yarinya mai saƙar faifai. Hannunta na da kyau, amma ba ta da kaba, ba ta da rini. Sai wani attajiri ya ba ta ɗaki a gidansa, ya cika mata shi da kaba mai launi iri-iri. Ta shekara bakwai tana saƙa, ana jera faya-fayan a bango. Ranar da ta ga ta ƙware, ta ɗebo uku za ta kai kasuwa mutane su gani, sai mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya ce kaba ta maigida ce, ɗaki ma nasa ne.

A nan Inna takan ƙanƙance murya: "Tac ce, to aikina hwa? Yac ce, ɗiyata, aikinki shina nan lahiya lau, babu mai taɓa shi, har ke."

Yarinya ta je kasuwa hannu sake. Duk wanda ta gaya wa ta iya saƙa, sai ya ce ta nuna. Mu dai mukan ƙosa mu ji ƙarshe, amma Inna sai ta tono gyaɗarta ta ce tatsuniya ta ƙare a nan. Haushi nakan ji, don ba a rama wa yarinyar ba.

Da na kai ajin ƙarshe a kwaleji, aikin kammalawa da na zaɓa shi ne tatsuniyoyin tsofaffin unguwarmu. Da rikodar sashenmu na naɗi muryar Inna, lokacin idonta ya tafi amma bakinta na nan. Na rubuce komai, na ɗora rubutun da muryar a shafin intanet na makaranta da lambata ta ɗalibta, na sa hannu a wata takarda ban karanta ba. Na so in buɗe shafina na kaina in zuba su, don 'yan'uwanmu na nesa su ji. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Hadiza, ki dakata tukuna. Yanzu wannan na sashe ne."

Na dakata. Na mayar da rikoda, aka goge ta don ɗalibi na gaba. Muna gama karatu aka rufe lambata. Damina ba ta fita ba Inna ta rasu.

Sau uku ina rubuta wa ofishin sashenmu takardar roƙo a buɗe mini aikina. Ma'aikacin ofishin mutumin kirki ne, har kujera yake ba ni. Yakan juyo mini da fuskar kwamfuta in ga sunana da sunan aikin, sannan ya ce, "Malama, wallahi buɗewa sai da izini daga sama." Na saman kuma kullum yana taro.

Sai yanzu na gane Inna ba rowar ƙarshe take mana ba. Ta san akwai hanin da ba faɗa a cikinsa, ba mugu, ba wanda za ka riƙe wa wuyan riga, sai dai a yi maka murmushi a ce ka dawo.

Jiya ɗiyata ta tambaye ni yadda muryar Inna take. Na gyara zama na gwada kwaikwaya, na kai tsakiya na tsaya, don na rasa inda takan yi dariya. Ranar Litinin zan kai takarda ta huɗu.