Tankaɗe da kiɗan Faransawa

Shekarata ta biyu a Alƙahira, ina zaune gidan ɗana a Hayyin Ashir, jikata ta fara koyon wani tsohon kiɗan Faransawa, irin wanda aka ce a fadar sarakunansu ake yi a zamanin da. Ban so abin ba da farko. Amma gidan ɗaki biyu ne, ko mutum ya so ko ya ƙi sai ya ji.

Wata la'asar ta dawo daga makarantar kiɗan fuska a murtuke. Malamarsu, wata Bamisriya, ta ce tana bugawa kamar agogo. In ba ta gyara kafin Alhamis ba, wata za a ba gurbinta a wasan ƙarshen zango. Na tambaye ta ko kuskure take yi. Ta ce a'a, abin da ke takarda shi take bi sak, matsalar ke nan. Wai mutanen can sukan rubuta sautuka da tsawo ɗaya, amma sai mai bugawa ya ɗan ja na farko, ya gajarta na biyu. Yaya yawan jan? Ba a rubuta ba.

Ni ban iya karatu ba, amma wannan ya tsaya mini a rai. Wane irin mutane ne za su rubuta abu, su bar rabinsa a ka?

Kwana biyu ina lura da ita. In ta ja sai ta wuce gona da iri, kiɗan ya riƙa ɗingishi. Ran Talata ina tankaɗen garin tuwo, tana ta fama, na ce ta kashe abin kiɗanta na lantarki ta zo ta karɓi rariya.

"Kaka, Alhamis fa jibi ce."

"Na san kwana. Riƙe."

Ta riƙe kamar an ba ta maciji. Na dafa hannunta: ki tura a hankali, ki dawo da shi da ɗan sauri, tafin ɗaya hannun yana tarewa. Ba ƙirgawa ake yi ba, nauyin garin ke gaya wa hannu. Ta ɓata mini rabin kwano a ƙasa kafin ta fara sauraron rariyar. Da ta koma kan kiɗan, na ci gaba da tankaɗena.

Ran Alhamis na ce sai na bi ta. Muka hau mikrobas, ƙaramar motar haya. Abin kiɗan makarantar kamar akwati ne mai ƙafafu, muryarsa siririya. Na sa aka buɗe mini murfin, na leƙa: ashe wasu 'yan tsinkaye ne ke kaɗa wayoyi kamar farce. Ko ka danna da ƙarfi ba ya ƙara amo, shi ya sa komai ya rataya ga jinkiri da sauri.

Jikata ta buga kiɗa guda biyu, mai sanyi da mai sauri. Malamar ta ce mai sanyin tamam, ya yi daidai, nata ne. Mai saurin kuwa har yanzu da saura, wata ɗaliba za ta buga shi. Jikata ta waiwayo tana jiran in ji haushi. Na ce malamar ta yi gaskiya, ni ma na ji.