Wa ya ƙirga ƙafafun da ba a yanke ba?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni ina kan tabarma: Madam Aisatu ta rasu a Poli. Ƙaninta ne ya kira ni. Ya ce ya ga lambata a wayarta, an rubuta "Baba Metir mai taurin kai". Metir, wato malamin makaranta, haka ake kirana.



Ga wanda bai san ta ba, nas ce a wani asibitin gwamnati a nan Garwa, ɗakin masu ciwon suga da hawan jini. Shekara shida ina zuwa wurinta. Tun da mai ɗakina ta rasu, yara kuma suka watse Duwala da Yawunde, ita kaɗai ke tambayata ko na ci abinci, ta kuma tsaya ta ji amsa.

Tana da wata al'ada. Duk mai suga da ya shiga, sai ya cire takalmi. Alhaji ne kai ko mai kamun kifi daga Lagdo, sai ta durƙusa ta buɗe tsakanin yatsunka ɗaya bayan ɗaya. Tsoho kuwa cire takalminsa ma aiki ne. Na taɓa yi mata gardama, na ce kaina ke ciwo, ina ruwan ƙafa? Ta ce ai ta ga alama kan ya daɗe da lalacewa, ƙafar ce take son ta ceto.

A ranar ta gano wani ɗan miki a ƙarƙashin babban yatsana, ni ban ma ji shi ba. Wata biyu tana wanke shi. Maƙwabcina da ya raina irin wannan mikin, da sanda biyu aka san shi har ya koma ga Allah.

Sai aka kawo sabon tsari. Masu dubawa suka zo da takardu, suna ƙirga mutum nawa kowace nas ta sallama kafin azahar. Aka manna jadawali a bango. Sunanta ne a can ƙasa, wata bayan wata. Aka kira ta ofis aka ce ta rage ɓata lokaci, duba ƙafa sai wanda ya yi ƙorafi. Ta gaya musu mai suga ba ya jin ƙafarsa, da me zai yi ƙorafin? Aka rubuta a fayil ɗinta cewa aikinta ya yi rauni, aka tura ta Poli.

Ni malamin makaranta ne na dā. Na tsufa ina ba yara maki bisa ashirin, ba na ƙin awo. Amma ban taɓa ba yaro maki don ya riga kowa miƙa takarda ba. Sai na karanta abin da ya rubuta.

Bayan tafiyarta na gwada wani asibitin kuɗi. Akwai sanyi, akwai murmushi, a ƙofa kuma a miƙo maka takarda ka zaɓi fuska mai dariya ko mai fushi. Sau uku na je. Ba wanda ya ga safata.

Ganinmu na ƙarshe, ta biyo ta gidana da jakarta a kan hanyar tasha. Ta sa na cire takalmi a zaure. Da ta gama ta ce, "Baba, sun auna ni sun ce ban cika mudu ba. Ba komai. Kai dai kullum da safe ka duba, in ido ya gaza ka sa madubi."

Na ce zan je in yi magana da darakta. Ta yi dariya ta ce in bari. Na kuwa bari, abin da ke cina ke nan yau.

To, na daina bari.

Waccan kalmar tana nan a fayil ɗinta, 'ya'yanta biyu za su girma su ji an ce uwarsu raguwa ce. Ban yarda ba. Ranar Litinin zan tafi asibitin gwamnatin, kuma ba zan hau mashin ba. Da ƙafar da ta bar mini zan taka, ko zan huta sau goma a hanya. Zan riƙe karne ɗina, wato ɗan littafin asibiti da ta cika da rubutun hannunta. Duk wanda Madam Aisatu ta taɓa cire wa takalmi, ya same ni a bakin get da hantsi. Ba zagi, ba hayaniya. Za mu jeru a gaban ofis mu cire takalma, tunda ƙirga suke so, su fito su ƙirga.

In ba wanda ya zo, ni kaɗai ma ƙafa biyu ne.

Ya Allah, Kai ne ba a tauye awo a wurinKa. Ka jiƙan Aisatu, Ka sa kowane durƙuso da ta yi a mizaninta, Ka tabbatar da dugaduganta ranar da ƙafafu ke zamewa, Ka raya abin da ta bari. Wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ni kuma ya roƙa mini ƙarfin kaiwa Litinin.