Bakan da aka dawo da shi ba naka ba ne, Yaya Halliru

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, ɗanka Salim ya kira ni a waya ina Gummi. Ya ce, "Gwaggo Hasana, Baba ya rasu." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sai na tambaye shi wane ciwo ne, domin ranar Juma'a mun gaisa da kai lafiya lau. Ya ce ba ciwo ba ne, wai daga bisa itace ka faɗo. Kafin in iso ƙauyenmu na ƙasar Gwashi da safe, an riga an binne ka.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Halliru Mai Baka yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sassaƙar baka ya gada wurin mahaifinmu, amma abin da ya fitar da sunansa daga Bukkuyum har Anka ɗan ƙaramin abu ne da bai wuce tsawon babban yatsa ba. A da, maharba bisa yatsansu suke ɗora kibiya, kyauronta ya yi ta yanka musu fata. Shi kuwa sai ya riƙa fere ƙahon saniya, ya ɗaure shi da jijiya a jikin baka, daidai saman inda hannu ke riƙewa, kibiya ta kwanta a kai. Matashin kibiya yake ce masa.

Ina tuna ka a zaure, Yaya, ka turbuɗa ƙaho cikin toka mai zafi har ya yi laushi, kana goga shi da magagari, kana liƙa masa 'yar fatar akuya mai gashi don kada kibiya ta yi ƙara lokacin fita. Ba ka taɓa yi wa mutum matashi ba sai ka kama hannunsa ka juya, ka sa shi ya ja tsirkiya a gabanka. Idan bai yi maka ba, ka kwance ka sake, ko da mai shi ya ce ya yi.

Dodo, maharbin nan da injin niƙa dutsen zinare ya cinye wa yatsu a Yargalma, ya zo gaisuwa yana kuka kamar yaro. Ya ce bayan hannunsa ya warke ya jingine baka, ya zauna gida, har abinci ya fara gagarar iyalinsa. Kai ka bi shi har gida. Ka fere masa matashi mai zurfi da ɗan leɓe, yadda kibiya ba za ta zame ba ko babu yatsan da zai tallafe ta. Da kakar nan shi ke tsaron gonakin unguwarsu daga birai, ana ba shi dawa.

Ƙahonnin da kake aiki da su, amininka Tsoho, Bafulatanin rugar gabas, shi ke kawo maka tun kuna samari. Da zaman lafiya ya lalace a yankinmu, mutane da yawa suka daina amsa sallamar Fulani, har waɗanda suka tashi tare. Kai ba ka rufe zaurenka ba. Daga nan aka fara magana ƙasa-ƙasa. Me ke kawo Tsoho gidan Halliru? Wa yake sassaƙa wa baka? Har aka ce kai kake kai wa mutanen daji labarin gari. Maƙwabcinka Hamisu ya fi kowa ɗaga murya, shi ya sa aka kira ka gaban maigari. Waɗanda suka halarta sun ce ba ka yi fushi ba. Cewa ka yi, "Ranka ya daɗe, waɗanga mutane bindiga ag garesu. Mi za su yi da bakan halbin biri?" Aka yi dariya aka sallame ka, amma tun daga ranar wasu ba su sake zama a tabarmarka ba.

Shi ya sa na yi mamaki da matarka Dija ta gaya mini cewa Hamisu ne ya yi maka sallama da safiyar ranar, shi da wasu mutum biyu, wai birai sun dame su a gonar bakin rafi, ka zo ka taya su. Ta ce ka yi murna, ka ce mata da alama an huce. Ka rataya bakanka ka bi su. Da yamma suka dawo da kai a amalanken shanu, suka ce ka hau tsamiya don hangen birai, reshe ya karye.

Yaya, ka daɗe kana sallah a zaune saboda gwiwa. Ta yaya ka hau tsamiya? Ɗaya daga cikin waɗanda suka fita da kai ya ce yana kusa ya ji faɗuwarka, ɗaya ya ce sai da suka yi ta nema kafin su gan ka. Dattijon da ya yi maka wanka na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa, ya tashi bai sha furar da aka kawo masa ba.

Sai kuma bakan. Dija ta ɗauko mini shi, ta ce shi aka tsinta kusa da kai. Aikin hannunka ne, babu shakka, na san ɗaurinka. Amma kai bahago ne, matashin wannan kuwa yana ɓangaren masu harbi da dama. Wani ka yi wa shi. Naka bai dawo gida ba har yau.

Ranar addu'ar uku na sa aka kira mini Hamisu bakin ƙofa. Na ce, "Malam Hamisu, wanga baka ba na Yaya ba ne." Ya ce, "Kila an yi musanya cikin ruɗewa, Hajiya." Na ce, "Da na wa?" Ya gyara hularsa, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya juya.

Ban ga abin da ya faru a bakin rafi ba, kuma ba zan ɗora wa kowa jininka da zato ba, domin na ga abin da zato ya yi maka kana raye. Amma ba zan ce na gamsu ba. Na kai maganar gaban maigari, ya ce zai bincika. Bakan kuwa na rataye shi a zaurenka, inda duk mai shigowa zai gan shi. Mai shi ya san kayansa.

A ranar addu'ar ne kuma Tsoho ya iso da rana tsaka, ta tsakiyar gari, ba ta bayan gida ba. Ya zauna kusa da Salim, ya ɗaga hannuwa ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Dodo ne kaɗai ya matsa ya ba shi hannu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dija, da 'ya'yanka Salim, Zulai da Basma, da Inna mahaifiyarmu, wadda har yanzu take tambayar ko ka ci abinci kafin ka fita. Allah Ya ba mu juriyar rashinka. Ya Ubangiji, Ka gafarta wa bawanKa Halliru, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ta zama makomarsa. Kai ne Ka ga abin da ya faru a gindin tsamiyar nan. In faɗuwa ce, Ka cire mana wannan nauyi daga zukatanmu. In ba ita ba ce, Ka bayyana mana, tun Inna tana da rai.