Ambulan Ɗin da Na Ƙi Buɗewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni, Baba Rasaki na Fagge ya rasu.

Da farko ban yarda ba. Lambar wayar da ta sa sanarwar a guruf ɗinmu na 'yan kasuwa ita ce wadda na ɗauka tasa ce, har da hotonsa a jiki.

Mamaci dai ba ya sanar da rasuwarsa.

Maƙwabcin shagona ne a Kantin Kwari. Shi ya koya mini gane shadda da yatsa. Lokacin da na tafi bautar ƙasa, duk wata sai direba ya kawo mini wasiƙarsa da ajami, da goro biyu a cikin ambulan ɗin, alhali ya san ba na ci.

Bara sai lambar nan ta fara rubutu a guruf, wai atamfata jabu ce, a yi hattara da ni. Kwastomomi suka janye. Na daina gaishe shi. Ko tambayarsa ban yi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan sallar Juma'a ce, wata guda ke nan. Ya riƙo hannun rigata, ya cusa mini ambulan a aljihu.

"Kabiru, ka karanta in ka huce."

Na ce a raina sabon salon rainin hankali ne. Na jefa shi cikin durowa.

Yau na buɗe. Rubutunsa ne na ajami, mai karkata hagu, ba wanda zai iya kwaikwayonsa.

"Ɗana, ka fi kowa sanin ban iya boko ba. Wayata ta ɓata tun kafin azumin bara, ba ni na yi rubutun nan a guruf ba. Abin da zan faɗa maka, hannuna ne zai faɗa. Na yafe maka shirun da ka yi mini."

Wallahi na san bai iya boko ba. Na sani, amma na zaɓi in yarda da waya.

Kai mai riƙe da layin nan, ban san ka ba. Ɗazu a wurin jana'iza ina ta duban fuskoki, ina tunanin ko kana cikin sahu. Na bar ka da Allah.

Allah Ya jiƙan Baba Rasaki, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da ni, don ya yafe mini tun wata guda, ni kuwa sai yau na karanta.