Gefen Littafin Malam

Kawuna duba-gari ne, amma in kana son ganin haƙoransa sai ka kira shi Likita. Aikinsa a Gumel bai wuce leƙa randunan mutane da bayan gidajensu ba, ya tsorata tsofaffi da sammaci. Tun da nake ban taɓa ganin ya ɗaure wa ko akuya ƙafa ba. Amma in ka shiga ɗakinsa na soro sai ka rantse asibitin Kano ne ya yi ƙaura.

Kabad ne mai gilashi, bango guda, cike da tsofaffin littattafan likitanci. Akwai na Turanci masu bangon fata, waɗanda likitocin Turawa suka bari da za su tafi, shi kuma ya tsinto a gwanjo. A ciki ana nuna mutum an feɗe shi kamar ragon layya. Akwai na haɗa magunguna da Faransanci, da fatake ke kawo masa daga Damagaram ranar kasuwar Maigatari, alhali Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Wasu ma shafukansu a manne suke tun daga inda aka buga su, ba a taɓa raba su ba. Na taɓa tambayarsa yadda yake karantawa, ya dube ni a sheƙeƙe ya ce ai rashin buɗewar ne darajarsu. Makullin kabad ɗin yana aljihun 'yar cikinsa, har masallaci da shi yake zuwa.

A shekarun fari, lokacin da mutane ke sayar da ƙyauren ɗakinsu don su ci, shi kuma sai kakarsa ta yanke saƙa. Wani Bature mai bincike ya taɓa sauka wurinsa, ya gaya masa cewa littattafan ɗibbu, wato na magani, na rubutun hannu sun fi duk abin da ke kabad ɗin daraja. Shi ke nan. Ya riƙa ɗaura gero a bayan babur yana bin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, gidan duk wani malami ko wanzami da ya rasu ya bar takardu. Ya sauke musu abin da bai fi tuwon kwana biyu ba, ya dawo da ilimin kakanninsu a jaka. Sunan da ya sa wa wannan sana'a wai ceto.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune da mahaifiyata, Inna, wadda ita ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu, wanda duk muke kira Malam, mai magani ne a Ɗanzomo. Da ya rasu aka zo rabon gado, Kawu bai daɗe da gama makarantar tsafta ba, kai ya ɗau zafi. Ya ce littafin Malam tarkacen camfi ne, shi gona yake so. Aka ba shi gona. Inna ta ɗauki littafin a cikin gafakarsa ta jar fata, ba ta nemi komai bayansa ba.

Littafin warwara ne, ganye-ganye ba ɗinki, kamar yadda littattafanmu suke tun asali. Tsakiyar kowane shafi Larabci ne da aka kwafo daga wani tsohon littafi na gabas, irin wanda za ka samu a hannun malamai da yawa. Gefen kuwa, mai faɗin yatsu uku ko fiye, nan ne Malam ya yi rayuwarsa. Da ajami, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta wane itacen dajinmu ne ke maye gurbin wanda Larabawa suka ambata, sabara ce ko marke ko aduwa, da wanda ya ba wa ya warke, da wanda ya ba wa Allah ya karɓi abinsa.

Akwai shafi ɗaya mai tabon man shanu a tsakiya. A gefensa Malam ya rubuta shekarar da ƙyanda ta shiga gidansa ta ɗauke masa 'ya'ya biyu, ta bar masa ɗaya, tun ba a haifi Kawu ba. Ya rubuta sunan wadda ta rayu, ya yi wa Allah godiya, ya roƙa mata tsawon rai da albarka. Inna ce. Ba ta iya karatu ba, amma ta san tabon, ta san hannun ubanta. In abin duniya ya dame ta sai ta yi alwala, ta ciro wannan shafin ta zuba masa ido, wani lokaci ta sa in karanta mata. Malam ba mai yawan magana ba ne, kuma Inna ta ce bai taɓa gaya mata da baki cewa yana ƙaunarta ba. A nan kaɗai ya faɗa.

Wata rana Kawu ya zo, ya durƙusa har ƙasa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Yaya, aron littafin Malam za ki ba ni, kwana biyu. Zan duba wani abu."

Na ce, "Kawu, yau kuma camfin ne ya yi daɗi?"

Inna ta harare ni. Ta ce, "Ubansa ne kamar yadda yake ubana." Ta zare takardun daga gafaka ta naɗe masa su a sabon mayafi, saboda ya ce gafakar tana warin jima.

Kwana biyun Kawu suka cinye damina, suka cinye rani, wata daminar ta sake zagayowa. A tsakanin nan ne ciwon yanar ido ya fara rufe idanun Inna. Da farko zare ne ta kasa sa wa allura, daga baya sai ta riƙa gane mutane da murya. Ba ta yi ƙorafi a kan idon ba. Abu ɗaya take maimaitawa: tana so ta ga rubutun Malam tun tana iya ganin baƙi a kan fari.

Na yi sintiri zuwa ɗakin soron nan har takalmina ya sani. Yau ya tafi rangadi, gobe makulli ya ɓata, jibi yana da baƙi. Ranar da na tsare shi a gaban abokansa na ce yayarsa na makancewa, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san darajar abu ba. Littafin yana Kano, ana yi masa gata. In ya dawo ita da kanta za ta sa mini albarka."

Ni kuwa na san irin gatan Kawu.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da babbar rigarsa, da abu a hammata. Inna tana kan tabarma a inuwar ɗaki. Ya zauna, ya warware takardar da aka naɗe abin, ya ɗora mata a cinya kamar mai miƙa jariri.

An ɗinke shi. An yi masa bango mai tauri na baƙar fata irin na littattafan Turawa, da zanen ruwan zinariya, da sunan Kawu a goshi da boko. Kuma ya ƙanƙance. Masu ɗinkin littafi suna da wata wuƙar inji da suke datse gefe da ita don takardu su daidaita, su yi sumul. Takardun Malam kuwa ba su taɓa zama daidai ba, gefensu ya sha hannu ya yi baƙi. To, an daidaita su.

Kawu ya ce, "Kin gani, Yaya? Na ce su share duk ƙazantar nan ta gefe, su bar asalin littafin. Yanzu ko a ɗakin karatun Ingila zai zauna."

Na karɓa na buɗe. Larabcin yana nan tsaf, wanda ko a kasuwar Kurmi za ka samu irinsa. A bakin kowane shafi sai guntayen baƙaƙe, nan wutsiyar wani harafi, can ɗigo biyu marasa uwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na gaya masa abin da ya daɗe a cikina, cewa jaki ma in aka ɗora masa littattafai ba ya cin gefensu. Na ce da gara ce ta yi wannan da mun yi mata uzuri, don ita yunwa ce ta sa ta.

Inna ta ce, "Zauna. Ƙanen uwarki ne."

Na zauna ina huci. Ta miƙo hannu na ba ta littafin. Ta kai shi dab da fuskarta tana juya shafuka a hankali, da wuya, saboda ɗinkin ba ya barin su su kwanta. Ta daɗe tana nema. Can ta tsaya. Ta samu tabon man shanun. Sai ta ɗora yatsa a kansa, ta ja zuwa gefe, inda ta saba tsayawa, yatsan ya zarce ya faɗa kan zanenta. Ta sake komawa ta ja, ya sake faɗawa.

Ta ce, "Auta." Haka take kiransa tun yana goye a bayanta. "Abin da aka yanke ɗin, ina yake?"

Kawu ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Haba Yaya, wa zai ajiye shara? Sun share."

"Da sunan Allah a ciki?"

Ya kau da maganar. Ya shiga bayanin irin fatar da aka yi bangon da ita, da yadda Baturen nan zai yi murna in ya gani. Har yau in na tuna muryarsa a wannan lokacin sai in ji ƙyama. Mutumin da ya tara ɗaki guda na littattafan da ke nuna inda zuciyar ɗan Adam take, yana zaune gaban yayarsa bai ga abin da ya yi mata ba.

Inna ta rufe littafin, ta shafa bangon sau ɗaya, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo abinka. Ya yi kyau. Nawa ban gan shi a ciki ba."

Wallahi karɓa ya yi, har da godiya. Ya ɗauka kyauta aka yi masa. Ya kai shi kabad ya ba shi wuri a tsakiya, kuma shekara da shekaru duk baƙon da ya shiga ɗakin sai ya nuna masa ya ce littafin mahaifinsa ne, shi ya cece shi daga hannun mata.

Kafin kaka idanun Inna suka rufe gaba ɗaya. Gafakar tana nan rataye a ƙusarta. Wata safiya na shigo da kunu na tarar ta yi alwala ta sauko da ita, ta ɗora a cinya, hannunta a ciki. Da ta ji motsina sai ta ce in zauna in karanta mata abin da Malam ya rubuta. Na ce Inna, ai babu takardar. Ta ce ta sani, in faɗi abin da na tuna.

Na faɗi abin da na tuna. Da na zo wurin addu'ar sai na rikice, na kasa tuna ko tsawon rai ya fara roƙa mata ko albarka. Ta jira in ci gaba. Ita ma ba ta tuna ba, kuma babu inda za mu duba.