Saniyar Baba Barau

Surukina Baba Barau ya yi shekara talatin da huɗu yana wankin kayan ciki a abbatuwar Agege, kuma ni ne na ɓata masa shekara biyu cikin 'yan kwanakin da suka rage masa. Na faɗi wannan tun farko saboda na san halina. In na fara da likitoci, sai in yini ina zaginsu ban iso kan kaina ba.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Ƙaura Namoda. Ya sauka Legas a bayan tirelar shanu yana saurayi, da niyyar ya yi ci-rani ɗaya ya koma gona, sai damina ta yi ta wucewa ba shi. Bai zama babban mahauci ba, bai ma nema ba. Aikinsa shi ne in an farke saniya a turo masa tumbi da hanji a baro, ya tsaya bakin famfo da takalmin roba har gwiwa, ya juye, ya tatse, ya wanke tas. Matan Yarabawa masu sayar da abinci layi suke yi a gabansa, don kayansa ba sa wari. Hanji yana bi ta tsakanin yatsunsa kamar mai jan carbi, idonsa na kan abokin hira, amma da an iso wurin da ba lafiya sai hannun ya tsaya da kansa. Ya yanke wurin ya jefar, mai saniya ya yi ta faɗa, shi ko a jikinsa. Abokin aikinsa Mahamadou, mutumin Maraɗi, yakan tsokane shi ya ce da boko ya yi, da tuni ya kori likitan dabbobi daga aiki.

Ni kuwa sunana Kamal, haifaffen Agege, gyaran waya nake yi a Ikeja. Yarabanci na sha shi tun ina rarrafe, Turanci daidai gwargwado, ji da kai kuwa ba a magana. Na auri 'yarsa Firdausi, wadda ita ce ta fari, ko sunanta ba ya kamawa. Ni ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. In na je gaishe shi sai in durƙusa daga bakin ƙofa, ya dubi gefe ya amsa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Haka muka yi shekara shida, kowa na ganin girman kowa.

Ciwon ya fara ne bayan babbar sallar shekarar 2021. Ciki ya riƙa murɗa masa, ya kumbura, ya sake. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma rabin ɗaya ma sai da lallashi. Mai kemis ɗin layinsu ya ce olsa ce, ya ba shi farin maganin nan na kwalba. Mai maganin gargajiya ya ce basir ne, ya ɗura masa jiƙo. Sai da matarsa Inna Turai ta tsegunta wa Firdausi cewa wandonsa ya daina zama a ƙugunsa, sannan aka ce in kai shi asibiti. Yarabancin Baba na ciniki ne da gaisuwa, Turanci kuwa babu. Wa ya fi dacewa da tafinta in ban da surukin nan mai baki uku?

Asibitin farko mun shiga layi tun hantsi bai ɗaga ba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Bai ɗago kai daga takarda ba ya ce me ke damun tsoho. Na tambayi Baba. Ya gyara zama, ya dubi bango kamar yadda ya saba in ina wurin, ya fara ba da labarin saniya. Ya ce akwai wata irin saniya da ake kawowa, tsohuwa, ga ta tana ci amma tana ramewa. Kashinta ya koma siriri, wata rana ya ƙi fita, wata rana ya zo da jini. In an farke ta sai ka tarar hanjin ya ɗaure a wuri guda, tamau, kamar an zarga masa zare, sama ya kumbura, ƙasa ya tsuke. Ya ce a duk shekarunsa bai ga irin wannan fiye da sau shida ba. Yana magana yana dafe da gefen hagu na mararsa.

Yana cikin bayani likitan ya dubi nas, ya ce mata da Yarabanci waɗannan mutanen kwata da warinsu suke yawo, kuma in suka fara zance ba sa dasa aya. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba su san na ji ba. Na dubi rigar Baba, na dubi tawa da na goge da safe. Maimakon in ji haushinsu, sai na ji kunyar a ce tare muke da shi, Allah ya yafe mini. Da Baba ya gama, na ce wa likita yana fama da ciwon ciki da kumburi, shi ke nan. Likita ya rubuta olsa, ya ce a bar yaji, a bar goro, a daina zama da yunwa. Duk zaman bai kai minti huɗu ba, ko cikin bai taɓa ba.

Zan so in ce ban gane maganar saniyar ba. Na daɗe ina gaya wa kaina haka, wai na ɗauka surutun tsufa ne. Ƙarya nake. Na gane rabi, kuma rabin da na gane ya fi ƙarfin bakina. Ta yaya dattijo irin Baba zai dubi mijin 'yarsa ya yi masa zancen bayan gidansa? Ba zai iya ba ko za a yanka shi. Shi ya sa ya nemo saniya ya ɗora mata ciwon. Ya yi nasa ƙoƙarin, saura nawa, ni kuma na ajiye saniyar a bakin ƙofa.

Baba ya bar yaji, ya bar goron da ya yi shekara arba'in yana ci. Ba abin da ya sake. Bayan wata biyar muka je wani asibitin kuɗi a Mushin. Can aka ɗebi jini aka ce taifot ce, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya shiga da ƙafarsa, aka sa masa ruwa leda biyu. Amma don a yi adalci, likitan can ya tambaya, yana haɗa takardu, ko akwai jini a bayan gida. Na juyo wajen Baba, bakina ya yi nauyi. Abin da ya fito shi ne, wai likita na tambaya ko akwai wata damuwa bayan wannan. Baba ya ce to, ita dai saniyar da ya faɗa. Na juya na ce wa likita babu.

Muka yi ta yawo haka. Wannan ya ce tsutsar ciki, wancan ya ce tunani ne ya yi masa yawa, ya riƙa hutawa. Wani ma cewa ya yi ai duk ɗan Arewa da olsarsa yake zuwa Legas. Wallahi har yau in na tuna fuskar mutumin nan raina ɓaci yake. Tsoho yana narkewa a gabanku, ya zo sau uku, sau huɗu, ba wanda zai ce kwanta in taɓa? Baba bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai, muna cikin motar danfo za mu koma gida, ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, so yake a gaya masa sunan abin da ke cinsa.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta leda. Mun haɗu a ƙofar asibiti da safe, na gan shi riƙe da baƙar leda, ƙudaje na bin ta. Na tambaya, ya ɗan buɗe. Guntun hanji ne, an wanke shi fes, a tsakiyarsa ga wurin nan da ya ɗaure, fari, mai tauri. Daga baya Mahamadou ya gaya mini wata huɗu Baba ya yi yana jiran irinsa, har ya bar wa duk masu wanki saƙo in sun gani su kira shi. Baba ya ce mini tunda maganarsa ba ta isa ba, bari likita ya gani da idonsa.

Na dubi mai gadi, na dubi mutanen da ke shiga da kayansu masu tsabta. Na ce Baba, ba a shiga da irin wannan, korar mu za a yi. Ƙila ma gaskiya ne, amma ban tambayi kowa ba. Ya taka a hankali zuwa bakin magudanar ruwa ya ajiye ledar, ya goge hannunsa da gefen riga. Muka shiga aka sake ba mu farin maganin kwalba.

Ƙarshen 2023 ya daina zuwa aiki, don tsayuwa ta gagara. Firdausi ta yi kuka har ta gaji, ta ce ko a kafaɗa ne in kai shi babban asibiti. A can aka tura mu wajen wata likita, yarinya ce ma, Bayarabiya, siririya mai tabarau. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta gaishe shi da Hausa, wata karyayyiyar Hausa da ta ce ta tsinta lokacin da ta yi bautar ƙasa a Gusau. Fuskar Baba ta saki. Ya dubi bango, ya fara labarin saniya. Ni kuma na buɗe baki zan taƙaita kamar kullum, sai ta ɗaga mini hannu ta ce in bar shi, tana ji.

Ta saurara har ya kai ƙarshe. Inda ba ta gane ba ta sa na maimaita mata kalma kalma, tana kallon bakina. Sannan ta sunkuyo ta ce: "Baba, saniyar nan, tun yaushe take ganin jini?"

Ya ce: "Shekara biyu da wata uku."

Ta tambaye shi ko saniyar tana jin ciwon a hagu ne, ko tana kwana nawa ba ta zagaya ba, ko tana jiri. Duk ya amsa, tiryan-tiryan, ba tare da ya ji kunyar kowa ba. Ni ina tsaye a gefe kamar an dasa ni. Abin da na kasa yi a shekara biyu, baƙuwa ta yi shi da Hausar da ba ta fi cikin cokali ba. Daga nan ta ce in fita za ta duba shi, ta rubuta gwaje-gwaje, har da wanda ake zura kyamara a hanji.

Bayan mako uku muka koma. Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna masa hoto. Baba ya matso, ya ƙura ido, ya kai yatsa daidai wurin tun kafin ta nuna. Ya ce shi ne, irin wanda ya kawo a leda. Bai dube ni ba, ba kuma da wata manufa ya faɗa ba, shi murna ma yake an gani. Ta nuna wani hoton na hanta, da ɗigo-ɗigo a jikinta. Nan murnar ta tsaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jefar da irin wannan hantar ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Likitar ta ce Hausarta ba za ta iya ɗaukar abin da ya rage ba, dole in fassara. Ta faɗa mini da Turanci, a hankali. Ciwon daji ne na hanji, ya riga ya kai hanta. Za a iya rage masa raɗaɗi, a buɗe masa hanyar hanjin, amma ba za a iya cire shi ba. Da an gan shi tun yana wuri guda, da aikin tiyata zai iya wadatarwa. Wata biyar ya ƙara a duniya bayan wannan rana, a Agege muka binne shi, Mahamadou ne ya yi masa wanka.

Amma a ɗakin nan, kafin duk wannan, na tsaya ina juya maganar a raina, ina neman inda zan sassauta, inda zan gutsure. Har na shirya cewa likita ta ce za a ɗora shi a kan magani, in sha Allahu. Sai Baba ya juyo. Karo na farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce: "Malam, wannan karon kada ka rage komai. Ni in na yi doguwar magana, ina jin yadda take gajarta a bakinka."

Ashe ya sani. Tun asibitin farko ya sani, ya yi shiru don kada ya kunyata mijin 'yarsa a gaban baƙi.

Na durƙusa a gaban kujerarsa, na faɗa masa duka, har da maganar da an gan shi da wuri. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya san sunansa, ya ce in yi wa likita godiya. Wannan ma na fassara, ban rage ko kalma ɗaya ba.